Ruwan da Kabewa Ke Zuwa da Shi

Kumasi ba ta san kaka irin ta ƙasar Hausa ba. A watan Oktoba, lokacin da manomin Katsina ko na Maraɗi ya gama da gero yana jiran dawa ta nuna, mu nan ƙaramar damina ce a kanmu. Hadari ya haɗo da la'asar, ruwa ya sauko, kwatocin unguwar Aboabo su cika su tumbatsa, ganye kore shar ko'ina. Hunturu sai Disamba. Ɗan unguwar Asawase a bayan mota yake ganin kakarsa. Manyan motocin da ke gangarowa daga Bawku da Bolgatanga da Tamale, su ratsa Kintampo da Techiman, su ke kawo mana labarin an yi girbi a arewa: sabuwar gyaɗa, wake, gero, doya, sannan a tsakanin buhuna, inda aka sami ɗan gurbi, kabewa.

Ba ta da wani babban matsayi a kasuwar garin nan. Tukunyar Asante ta fi sanin ganyen gwaza da gauta da kwakwar manja. Masu neman kabewa da gaske matan Zango ne, saboda miyar taushe, wadda ake haɗawa da gyaɗa da alayyafo da ƙashi mai ɓargo, a ci da tuwon shinkafa ko masa ko funkaso ranar suna ko ranar Sallah. Tana da wani hali da iyayenmu suka daɗe da sani. Idan ba ta bugu ba, kuma ba a ɓalle mata kara daga tushe ba, sai ta yi watanni a gefen ɗaki ba ta nemi firji ba. A garin da tumatir ke ruɓewa cikin kwana uku, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A 'yan shekarun nan wayar hannu ta ƙara mata wani aiki. Da zarar Oktoba ta kama, sai hotunan burodin kabewa su cika TikTok da YouTube daga Amurka, inda lokacin sanyi ke ƙaratowa, ganye na zuba, ana shirin bikin godiya da suke yi ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba. Nasu burodin ya fi kusa da kek. Ba yis a ciki. Fulawa ce da sukari da ƙwai da mai da markaɗaɗɗiyar kabewa, a sa bekin foda ko soda, a zuba kirfa da citta da kanumfari da gyaɗar ƙamshi, a gasa wajen awa guda. Duk wanda ya taso yana shan kokon Zango da safe ba zai ji ƙamshin nan baƙo ba, domin citta da kanumfari su ne ran kokonmu. Ita kanta kabewar daga wancan ɓangaren duniya ta fito. An sami 'ya'yanta a kogon Guilá Naquitz da ke Oaxaca a ƙasar Meziko, masu shekara kusan 10,000, kuma sai bayan 1492 ta ƙetaro teku a sahun masara da rogo da gyaɗa da barkono. Yau ba mai kallon miyar taushe ya ce abincin baƙi ne.

Burodin kabewa ba abincin gargajiyar Asawase ba ne, amma burodi kansa ya zama ɗan gida. Akwai mai sukari, mai laushi da ake gasawa a gwangwani mai murfi. Akwai na shayi, dogo mai ɗan gishiri. Akwai mai bota. Yawancin masu yinsa mata ne, kuma aikin dare ne. A auna fulawa da sukari da bota da yis da gyaɗar ƙamshi a gida, a ɗauka a kai wa mai inji ya kwaɓa ya murza har ya yi santsi, a dawo da shi a yanka a mulmula a jera a gwangwanaye, a bar shi ya tashi. Kafin asuba an hura itace a tanderun laka mai kama da ƙaramin rumbu, an kwashe garwashi, an share, an zura farantai. Masu shayi da masu koko da ƙosai suna jira tun ba a sallame sallar asuba ba.

Sana'ar nan gaba ɗaya a kan alkamar da ba a nomawa a Ghana take tsaye. Jirgin ruwa ke kawo ta Tema da Takoradi, daga Kanada da wasu ƙasashe, a niƙa a can, a ɗoro buhu mai kilo 50 zuwa Kumasi. Shi ya sa duk tarin da dala ta yi, mai burodi ce ke fara jin sa a ƙirji. A 2022, da yaƙin Rasha da Yukren ya haɗu da faɗuwar sidi, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100 a watan Disamba. Burodi ya ƙanƙance a hannu, kuɗinsa ya ƙaru, wasu tanderun suka huce ba a sake hura su ba. Masu bincike sun daɗe suna neman abin gida da za a surka wa fulawa. Cibiyar binciken amfanin gona da ke Fumesua, nan bayan gari a hanyar Accra, ta fitar da dankalin Hausa mai jan ciki da ake kira Apomuden a 2005, an kuma gwada markaɗensa a burodi ya karɓu. To amma kada mai tanderu ta ɗauka kabewa za ta yi mata abin da dankali ke yi. Dankali yana da tsoka, yana cike gurbin fulawa. Kabewa kusan kashi 9 cikin 10 na jikinta ruwa ne. Fulawar da za ta rage miki kaɗan ce. Abin da take kawowa shi ne launin ruwan zinariya ba tare da ƙwai ba, da laushi, da ɗan zaƙi, da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai kare idon yara.

A nan ne masu koyi da waya ke faɗawa rami. Matar da ke magana a bidiyon ta ce a zuba gwangwani ɗaya na kabewa. Gwangwanin nan daga masana'anta ya fito, galibi ta kamfanin Libby's da ke garin Morton a jihar Illinois, inda ake sarrafa mafi yawan kabewar gwangwani ta Amurka. Iri ɗaya suke shukawa, mai suna Dickinson, su dafa, su tace, su rage ruwan har kaurin ya tsaya wuri guda, yadda gwangwanin bana da na bara ba su da bambanci. Ma'aunin bidiyon a kan wannan kauri aka gina shi. Kabewar da aka yanko miki a kasuwar Asawase kuwa ba wanda ya daidaita ta. Wata ta tsufa a gona ta yi gari, wata an tsinke ta da wuri duk ruwa ce, wata ta sha rana a kan rufin ɗaki, wata ta kwana cikin raɓa a bayan mota. Kowacce da nata ruwan take zuwa.

Yarinya mai son sa kabewa a burodin yis na gida ta auna fulawarta daidai, ta zuba ruwan da ta saba zubawa kullum, sannan ta kawo kabewa ta ɗora a kai. Kwaɓi ya saki, ya kama hannu, ya ƙi mulmuluwa. Ta ƙara fulawa don ta ceto shi, yis da gishiri da sukari suka yi kaɗan, ma'auni ya watse. In ta daure ta gasa haka nan, baya ya yi ja ya ƙone, ciki ya tsaya danƙare. Daga nan sai hukunci: kabewa ba ta yin burodi. Alhali kabewar ba ta yi komai ba sai kawo abin da Allah ya halitta ta da shi.

Tsofaffin hannu ba haka suke bi ba, ko da kuwa ba su taɓa sa kabewa a burodi ba, domin sun san ta a miya. Ba a dafa ta tsamo-tsamo cikin ruwa. Turara ta ake yi a madambaci, ko a gasa ta da ɓawonta har cokali ya shige, a kankare tsokar, a dame, a juye a ƙyalle mai tsabta ko a rariya ta tsane. 'Ya'yan a wanke a shanya, a soya da gishiri, yara su samu abin taunawa. Sannan, wajen kwaɓi, kabewa ce ke fara shiga cikin fulawa, ruwa yana gefe a kofi. Za ka ji uwa na ce wa 'yarta, "Dakata da ruwan nan tukuna, bari ta fara ba da nata." Yarinya ta ce, "Mma, ai ya yi tauri." Uwar ta ce, "Murza dai, ki ji shi a hannunki." Kilo ɗaya na fulawa ya saba shan kusan rabin lita ko ɗan fiye. Idan aka sa masa kabewa giram 300, abin da ya rage a ƙara bai wuce rabin wancan ba, wani lokaci ma ƙasa da haka, kuma kaɗan-kaɗan ake ɗiga shi. Sukari ma a rage, tunda ta zo da nata zaƙin. Bota a rage, tunda ta zo da laushi. Har wuta sai an rage, domin zaƙinta na sa baya ya yi saurin ja, don haka sai zafin tanderu ya ɗan faɗa ake zura shi. Wadda ba ta da tanderu, tukunya da yashi a kan kurfoti ta ishe ta, da 'yan garwashi a kan murfi, yadda ake gasa kek ɗin biki tun kafin obin ya shigo gidajenmu.

Abin lura a nan shi ne, duk gyaran da aka yi, a ɓangaren abin da ke cikin kwano tun farko aka yi shi. Mai kwaɓi ba ta yi asarar burodinta ba, amma sai da ta janye hannu daga ma'aunin da ta saba, ta bar wa sabon abu wuri. Ni kuwa ba na iya ganin wannan ban tuna yadda aka kafa Zango ba.

Fatake sun daɗe suna bin hanyar Gwanja neman goro, su sauke a Salaga. Musulmi kuma suna cikin Kumasi tun kafin Turawa su ci ta, domin wani Bature mai suna Bowdich da ya zo a 1817 ya tarar da su a fadar Asantehene. Bayan Turawan Ingila sun ƙone Kumasi a 1874, sannan yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, 'yan kasuwa suka bazu Kete-Krachi da Kintampo da sauran wurare. Da aka gama yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1903, sai Kumasi ta zama matattara. Hausawa, Mosawa, Wangarawa, Yarbawa, Zabarmawa, Dagwambawa, Fulani, Kotokoli, Gurunsi, Busanga, kowa da harshensa da abincinsa, Hausa ta zama harshen da ake haɗuwa a kai. Wata mai bincike, Enid Schildkrout, ta zauna cikinsu ta rubuta littafi a kansu, People of the Zongo, wanda ya fito a 1978. Abin da ya riƙe wannan taro shi ne mai gida. Baƙo ya iso da shanu ko albasa ko hannu banza, bai san kowa ba. Mai gida ya ba shi ɗaki ko zaure, ya ci daga tukunyar gidan, a adana masa kaya, a nemo masa mai saye, in bashi za a bayar mai gida ya tsaya a kai, in rigima ta taso ya kai shi gaban Sarkin Zango ko sarkin ƙabilarsu. La'adarsa sai ciniki ya faɗa. Kasuwanci ne, ba sadaka ba, kuma an sami masu gidan da suka ci amanar baƙi. Amma tsarin kansa yana nufin matar gida ta ƙara tukunya, yaran gida su matsa a tabarma, mai gida ya sa sunansa a kan mutumin da jiya bai san shi ba.

Gine-ginen Asawase ma shaida ne. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta gina unguwar a shekarun 1940, ƙananan gidaje a jere, da fili tsakaninsu. Je ka duba yau. Da ƙyar za ka gane asalin ginin, saboda ɗakunan da aka yi ta liƙawa gaba da baya. Kowane ɗaki a cikinsu tsakar gida ce da wani ya hakura da ita, ko inuwar da ya saba shan iska, don ƙanensa ya zo daga Yendi, ko ɗan 'yar uwarsa daga Dosso, ko almajiri ya girma ya yi aure.

Mun kuma ɗanɗani kishiyar wannan. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasar. Mutane fiye da 100,000 suka fita, cikinsu har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya, ba su taɓa ganin garin da aka ce nasu ne ba. An sayar da gidaje da shaguna a wulaƙance. Babu tsohon gida a Zango da ba shi da labarin wannan shekara. A Janairun 1983 kuma gwamnatin Shagari ta yi irin haka a Nijeriya, 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya suka dawo gida, a shekarar fari da gobarar daji da yunwa. Ba sansani ne ya ɗauke su ba. Dangi ne suka haɗiye su, gari-gari, gida-gida, a lokacin da abin da ke cikin tukunya bai ishi na gida ba. Kowa ya rage lomarsa.

Abin da ke damuna shi ne jikokin waɗancan baƙi, wato mu, mun fara manta yadda ake wannan ragi. Motocin da ke kawo kabewa suna kawo mutane. 'Yan mata daga ƙasar Mamprusi da Dagomba da Gwanja suna sauka da kwanon ɗaukar kaya, su yini suna dako a Kejetia da Adum, wata da goyo a baya. Samari daga Nijar suna tura baro ko yawon gwangwan. Rikicin Bawku da rashin tsaro a Burkina Faso suna koro wasu. Da dare ka bi ta Akwatia Line ko Dagomba Line ka ga inda suke kwana, a ɗakunan katako da gobara ta sha cinyewa, mutum goma a wurin mutum uku, wasu a barandar shago. Sannan ka saurari yadda muke maganarsu a majalisa: sun cika gari, sun kawo ƙazanta, sun ɓata mana suna. Mun bar ma'auninmu yadda yake, kuɗin haya yadda yake, makaranta da famfo da bayan gida yadda suke, an ɗora dubban mutane a kai, da abin ya cakuɗe sai muka ce laifin wanda ya zo ne.

Ba na cewa masu ƙorafi ba su da hujja ko kaɗan. Unguwar ta cika da gaske, aikin yi ya yi wa 'ya'yan gida kansu kaɗan, kuma wanda ya ga rikicin wani gari ya biyo mutane har ƙofar gidansa dole ya ji tsoro. Kwaɓi ma yana da iyaka, in kabewa ta yi wa fulawa yawa, danƙon alkama ba ya iya riƙe iskar yis, burodi ya kwanta. Shi ma baƙo akwai abin da ke kansa, ya san dokar gari, ya girmama masu ƙasa da suka ba kakanninmu wurin zama a gefen fadar Manhyia, ya bar gabar garinsu a garinsu. Sai dai a nan misalin ya tsaya, ban yarda a ja shi ya wuce haka ba. Kabewa in ta yi yawa ajiye ta ake yi a gefen ɗaki sai wani satin. Yarinya 'yar shekara 14 da ta sauka a tashar mota da dare ba ta da gefen ɗakin da za a ajiye ta. Kuma mu da muke cewa wuri ya cika, yawancinmu ba mu taɓa gwada matsawa ba balle mu san iyakar.

Wurin da ragin zai fi tasiri sananne ne, kuɗin haya. Dokar haya ta Ghana, ta 1963, ba ta yarda mai gida ya karɓi fiye da na wata 6 a gaba ba. Kowa a Kumasi ya san abin da ake nema a zahiri: shekara ɗaya, galibi biyu, a dunƙule, kafin a miƙa makulli. Mai gidan da ya sauki kakanninmu sai an sayar yake karɓar la'ada. Na yau yana son tasa tun baƙo bai sami sidi ɗaya a garin ba. Wannan sharaɗi shi kaɗai ya isa ya tura mai dako ɗakin katako, ko da kuwa abin da take samu a wata zai iya biyan ɗaki in ita da 'yan uwanta suka haɗa. Na san dalilin masu gida. Sidi ya sha zubewa, siminti ya sha tashi, kuɗin dunƙule shi ne jarin da ake ɗora bene da shi, banki kuwa ruwan da yake ɗorawa ba ya ɗaukuwa. Ba ƙarya suke yi ba.

Amma muna da abin da wasu unguwanni ba su da shi. Muna da sarakunan ƙabilu da har yanzu ake jin maganarsu, da limamai, da kwamitocin masallatai tun daga babban masallacin Kumasi har na lungu, da ƙungiyoyin mata masu adashi. Aikin tsayawa baƙo, wanda mai gida ɗaya ke yi a da, waɗannan za su iya ɗauka: su san wanda ya sauka, su tsaya masa a gaban mai ɗaki, in wata ya ƙare bai biya ba a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Da wannan lamuni, mai ɗaki biyar na haya a Sawaba ko Aboabo zai iya ware ɗaya ya riƙa karɓar kuɗinsa wata-wata. Benen da yake son ɗorawa zai jinkirta, watakila da shekara guda ko fiye, 'yan mata huɗu kuma za su sami ɗaki mai ƙofa da sakata a kuɗin da suke iya biya.